Zare: Wa ya huda tsofaffin katunan besbol na Amurka? 🧵

1/ Jama'a, zaren yau na tarihi ne, kuma zai ɗan yi tsawo, a gyara zama. Duk mai leƙa shafukan gwanjon tsofaffin kaya na Amurka zai riƙa cin karo da katunan 'yan wasan besbol masu shekara 90 ko 100, wasu da huji a jiki kamar tikitin jirgin ƙasa. Kuma a hakan ake sayen wasunsu da dubban daloli. To wa ya huda su?

2/ Wasu yara ne suka huda. Wasu kuma kamfanin da ya buga su ne ya huda da hannunsa. Kashi na biyun nan shi ya fi ja na, domin bayan irin wannan hujin akwai wani yaro da ya ci gasar da aka tsara ta yadda kusan ba wanda zai ci.

3/ Ga wanda bai san besbol ba: wasan nan ne da wani ke jefo ƙwallo, wani ya make ta da gora ya ruga da gudu, sauran suna sanye da ƙatuwar safar fata suna cafewa. A Amurkar farkon ƙarni na 20 shi ne wasa. Yadda muke haddace sunayen 'yan Firimiya, haka yaransu suke haddace na 'yan besbol.

4/ Katin kansa ɗan kwali ne, hoton ɗan wasa a gaba, bayani ko talla a baya. Asalinsa daga kwalin sigari ne. A shekarun 1880 kamfanonin taba irin su Goodwin da Allen & Ginter suna cusa ɗan kwali mai tauri a fakiti don kada kararen su lanƙwashe. Sai aka ga ai gara a buga hoto a kai.

5/ Daga baya masu alawa da cingam suka karɓi harkar. Nan fa abu ya canza, tunda mai sayen sigari babba ne, mai sayen alawa kuwa yaro ne ɗan shekara tara ko goma, da 'yan canjinsa a aljihu.

6/ Mu je 1933. Amurka na tsakiyar karayar tattalin arziki mafi muni a tarihinta. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu na ma'aikata ba shi da aiki. Uba ba zai iya saya wa ɗansa safar besbol ba, ana ta abinci wa yake ta wasa. Amma senti ɗaya na alawa ko cingam, wannan yaro zai iya samu.

7/ A birnin Boston akwai kamfanin alawa mai suna George C. Miller. A shekarar ya fitar da katuna 32 a cikin alawarsa. Ƙungiyoyin manyan gasanni biyu na lokacin 16 ne, sai aka ɗauko 'yan wasa bibbiyu daga kowacce. A bayan katin an jera sunayen duka 32 ɗin, yaro ya san wa ya samu, wa ya rage.

8/ Sai kuma alkawari: ka haɗa duka 32, ka aiko mana, ka zaɓi kyauta. Ko safar cafe ƙwallo, ko ƙwallo irin wadda manya ke wasa da ita, ko tikitin shiga kallon wasan manyan ƙungiyoyi, banda wasannin ƙarshe na cin kofi. Ku auna wannan a idon yaron da babansa ke zaune a gida ba aiki.

9/ Yanzu ga matsalar kamfani. Yaro ya sha wahala ya tara katunansa, yana son kyauta, amma kuma yana son katunansa su dawo. Idan aka riƙe, an ɓata masa rai. Idan aka mayar masa lafiya lau, gobe zai sake zuba su a ambulan, ya manna kan sarki, ya karɓi safa ta biyu. Ko ya ara wa abokinsa, unguwa gaba ɗaya ta yi safa da saiti ɗaya 😂

10/ Mafita: a mayar, amma a kashe katin. Kamfanin Miller hanya biyu ya bi. Ko a datse gindin katin da almakashi, ko a bi shi da abin huda a yi masa hujoji masu siffar daiman, irin na katin karta. Duk katin da ya sake zuwa da wannan alama, an san ya riga ya ci.

11/ Dabarar ba baƙuwa ba ce. Kwandastan jirgin ƙasa yana huda tikiti don kada a sake hawa da shi. Tsohon fasfo ana huda shi ko a yanke kusurwa a ba ka abinka. Kamfanonin waƙa ma sun riƙa huda kwalin faifan da ya yi kwantai kafin su karyar da shi, don kada dila ya dawo da shi a biya shi cikakken kuɗi. Huji rasit ne da ba ya gogewa.

12/ Da a nan labarin ya tsaya, da na rufe zaren. Amma akwai Ivy Andrews.

13/ Andrews mai jefa ƙwallo ne, ɗan jihar Alabama, a 1933 yana ƙungiyar Boston Red Sox. Ana masa laƙabi da "Poison", wato guba. Ɗan wasa ne matsakaici, a tsawon zamansa a manyan ƙungiyoyi wasannin da aka rubuta masa faɗuwa sun ɗara waɗanda ya ci. Yau ba don kati ba da wuya a tuna da shi.

14/ A saitin Miller akwai zaratan gaske, su Jimmie Foxx, Lefty Grove, Dizzy Dean, Mel Ott. Amma katin da ya fi duka wuyar samu shi ne na Andrews. Kamfanin kaɗan ƙwarai ya buga shi. Yaro zai tara 31, ya yi ta sayen alawa, Foxx ya fito masa sau biyar, Andrews shiru.

15/ Bari mu ɗan yi lissafi, 'yan ajin kimiyya ku matso. A ce katuna 32 ne, an buga su daidai wa daida, an cakuɗa, kana zaro ɗaya ɗaya ba ka san me zai fito ba. A matsakaici sai ka saya kusan sau 130 kafin ka cike saiti. Wannan idan ba a yi maka coge ba ke nan.

16/ Amma yara ba wawaye ba ne, suna musaya. Ba ni Grove in ba ka Ott. Yara ashirin a layi ɗaya idan suka haɗa kai, cikin 'yan kwanaki saiti zai fara cika, kamfani ya fara rabon safa har ya karye. To ta ina za a toshe? Sai a riƙe kati ɗaya. Musaya ba ta haifar da abin da babu shi a unguwar.

17/ Wato adadin kyautar da za a bayar an riga an yanke shi tun a maɗaba'a. Yawan katin Andrews da aka buga shi ne iyakar yawan waɗanda za su iya ci. Sauran 31 ɗin aikinsu kawai su sa yaro ya ji saura ƙiris.

18/ Duk wanda ya taɓa tara marfin lemo lokacin garaɓasa, yana neman harafi ɗaya ya cike kalma, buhu ya cika da marafa harafin ya ƙi fitowa, ya san zafin nan. Ba sai na yi dogon bayani ba 😅

19/ Ga inda abin ya fi burge ni. Yawancin katunan Andrews da suka rage a duniya yau hudaddu ne ko datsattsu. Dalili a fili yake: duk yaron da Allah ya ba shi Andrews, me zai zauna yi? Ya cike saiti, ya ruga gidan waya. Katin ya je Boston, ya sha huji, ya dawo tare da safa.

20/ Saboda haka hujin da ke jikin Andrews shaida ce ta abubuwa da yawa lokaci ɗaya. Katin ya fito daga alawa da gaske. Wani ya haɗa 32. Kamfanin ya karɓa ya cika alkawari. Katin da ba huji bai isa ya ba ka wannan labarin ba, iyakarsa ya ce an adana ni.

21/ Kuma Miller ba shi kaɗai ba ne. A Boston ɗin dai, kamfanin U.S. Caramel ya fitar da nasa katunan 32 a wajajen 1932, 'yan besbol da 'yan dambe da 'yan golf, har da Babe Ruth. Shi ma ka cike saiti ka aika a ba ka ƙwallo ko safa. Shi kuma lamba 16 ya riƙe, katin Lindstrom na New York Giants.

22/ Riƙon ya yi tsanani har masu tara katuna suka shafe fiye da shekara 50 suna ɗauka ba a taɓa buga lamba 16 ba. Sai a ƙarshen shekarun 1980 ɗaya ya ɓullo. Ku duba fa. Gasar da aka ce yara su shiga, katin da zai ba su nasara ya yi ƙarancin da manya masu kuɗi da bincike suka yi rabin ƙarni ba su gan shi ba.

23/ Kamfanin ya maimaita a wani saitin nasa na shugabannin Amurka, can kuma William McKinley aka ɓoye. A Kanada, kamfanin Maple Crispette na Montreal ya yi haka a 1923 da katin Casey Stengel cikin katuna 30. A Kuba ma, saitin Caramelo Deportivo na 1945 zuwa 1946, katin Napoleón Reyes ne ɗan wuya. Dabara ɗaya, ƙasa daban daban.

24/ Amma wanda ya fi kowa ƙarfin hali Goudey ne, mai cingam, shi ma ɗan Boston (garin nan dai akwai abin dubawa). Saitinsa na 1933 lamba 1 zuwa 240 ne, kuma shi ne mafi shahara a zamanin, Babe Ruth kaɗai kati huɗu gare shi a ciki. Lamba 106 kuwa babu ita kwata kwata a cikin cingam. Ba ƙaranci ba, babu.

25/ Yara suka yi ta saye suna nema. Masu naci suka rubuta wa kamfanin wasiƙa. A 1934 sai Goudey ya buga lamba 106 da hoton Napoleon Lajoie, tsohon gwarzon da ya bar manyan gasanni tun 1916, ya riƙa aika wa waɗanda suka rubuto kawai.

26/ Da yawa daga katunan Lajoie ɗin suna da ɗan tabo a jiki, sawun kilif ɗin da aka maƙale su da shi a jikin wasiƙar amsa. Kun ga, nan ma lahani ne, amma lahanin ofishin kamfani. Ɗan'uwan huji ne.

27/ Za ku ce ina hukuma? Ta san da irin wannan kasuwa. Akwai shari'ar da ta kai Kotun Ƙolin Amurka, aka yanke a Fabrairun 1934, tsakanin hukumar kula da cinikayya ta tarayya da kamfanin alawa na R. F. Keppel. Ba a kan katuna ba ce, a kan alawar sa'a ce, amma gida ɗaya suka fito.

28/ Ɗaya daga cikin kayan Keppel kwali ne mai alawa 120, kowacce senti ɗaya, huɗu daga ciki an ɓoye senti a takardarsu. Ka dace, ka sha kyauta. Kotu ta goyi bayan hukuma, ta ce wannan caca ce ake tallata wa yaran da ba su kai su kare kansu ba, kuma tana tilasta wa sauran kamfanoni ko su bi sahu ko su rasa kasuwa.

29/ A ganina riƙe kati ɗaya ya ma fi alawar Keppel muni. A ta Keppel aƙalla huɗun suna cikin kwalin da ke gabanka. A saitin Miller ko U.S. Caramel, an jera maka katuna kamar duk ɗaya suke, ba inda aka faɗa maka ɗaya daga ciki kusan babu shi. Kuma dabarar ba ta mutu ba. A ƙarshen shekarun 1940 kamfanin Leaf ya buga katuna 98 amma ya ba su lambobi har 168, yana tsallake wasu, yara na neman lambobin da ba a taɓa bugawa ba.

30/ To, ba kowane kamfani ke mayar da kati ba, kuma ba kowa ke huda ba. Wasu tun farko sun yi katin da ɗan kufon a gindi, ka yanke ka aika, hoton ya zauna a hannunka. Katunan Zeenut na San Francisco, da aka yi ta bugawa daga 1911 zuwa 1938, haka suke tun daga 1913. Shi ya sa yawancinsu yau guntaye ne, mai kufon a jiki kuwa kuɗinsa daban.

31/ Ɗan ratse, don ba zan iya wuce Zeenut ban faɗi wannan ba. A saitin 1916 akwai Jimmy Claxton. Ƙungiyar Oakland ta ɗauke shi a matsayin ɗan asalin Indiyawan Amurka, ya yi 'yan kwanaki aka sallame shi, lokacin an hana baƙar fata wasa da farare. A 'yan kwanakin nan mai hoto ya zo. Shi ake lissafawa baƙar fata na farko a katin besbol na Amurka, shekara 31 kafin Jackie Robinson.

32/ Mu dawo. Kamfanin tabar taunawa Red Man, 1952 zuwa 1955, shi ma kufon ne: ka tara 50 a aiko maka hular besbol. A 1928 kuma wasu masu askirim, ciki har da Yuengling, sun raba katuna 60. Cikakken saiti galan ɗin askirim ne, katin Babe Ruth shi kaɗai ma ana canza shi da askirim.

33/ Ku tsaya ku ji wannan da kyau. Yaro ya miƙa katin Babe Ruth, an ba shi askirim, ya lashe a tsaye 😭 Kuma ni ban ga laifinsa ba, a ranar kwali ne kawai. Yuengling ɗin ma asali kamfanin giya ne na Pennsylvania, dokar haramta giya ta 1920 ce ta tura shi sayar da askirim.

34/ Akwai kuma hujin da ba kisa ba ne, tun daga masana'anta aka yi shi don amfani. Kamfanin Dixie mai kofunan takarda yana buga hotunan taurari a marfin kofin askirim. Ka tara marafa a ba ka babban hoto mai launi. Waɗannan manyan hotunan suna zuwa da huji biyu a gefen hagu, don a zura zare a ɗaure su kamar albam. A nan, in ka ga babu huji, shi ne za ka yi tambaya.

35/ Sai kashi mafi yawa, aikin yara da masu gida. Wannan ba ya buƙatar dogon tarihi. Yaro na son gwarzonsa, ya samu fil ya kafe shi a bango saman gado. Wani ya huda kusurwa ya zura igiya don kada su watse. Wani ya ɗauko abin huda takardar makaranta ya jera su a fayil.

36/ Manyan katunan Turkey Red na 1910 zuwa 1911 su suka fi shan wannan. Da kufon ɗin sigari ake karɓo su, suna da girma da kyau kamar hoton bango, to bangon suka tafi. Samun wanda ba hujin fil a sama ko a kusurwoyi sai an tona.

37/ Daga baya, yaran shekarun 1950 da 1960 har a tayar keke suke maƙala kati da abin shanya, yana karkaɗa a jikin wayoyin taya yana ƙara kamar babur. Allah kaɗai ya san Mickey Mantle nawa suka ƙare a haka.

38/ Kada ku ce yara ne kawai ba su san daraja ba. Jefferson Burdick, mutumin Syracuse da ake kira uban wannan harka, shi ya tsara kundin da ya ba saituna lambobin da ake amfani da su har gobe, irin su T206, da R300 na saitin Miller. Ya ba gidan tarihi na Metropolitan a New York tarinsa na abubuwa kusan 300,000.

39/ Kuma ya shafe shekarun ƙarshen rayuwarsa, har zuwa 1963 da ya rasu, yana manna su a albam da gam. Da gam fa! Yau wani ya yi haka sai an yi masa taron dangi a intanet. Shi a wurinsa hoto ne da tarihi, a jera su inda mutane za su gani.

40/ To yaya ake gane hujin kamfani da na yaro? Na kamfani tsaf yake, baki a yanke sumul, siffa ɗaya, kuma za ka ga irinsa a wasu katunan saitin da suka fito daga hannu daban daban. Na fil ƙarami ne, yawanci a tsakiyar sama ko kusurwa, takardar ta ɗan turo ta baya, wani lokaci da zoben tsatsa kewaye.

41/ Sannan sai ka karanta bayan katin. Idan akwai alkawarin kyauta ga wanda ya cike saiti, huji na da dalili. Idan kati ne irin na Topps na shekarun 1950 da aka saba, ba gasar aikawa a jikinsa, ka ga huji zagayayye a kusurwa, to wannan aikin wani ɗan firamare ne da fayil ɗinsa.

42/ Yanzu maganar kuɗi, na san ita wasu ke jira. Tun 1991 akwai kamfanin PSA da ke duba kati, ya ba shi maki daga 1 zuwa 10, ya rufe shi a roba. Akwai wasu irinsa kamar SGC. Huji ko na fil ne yana jefa kati can ƙasan maki, komai kyan fuskarsa. Datsattse kuwa sau da yawa ba maki, sai dai a rubuta cewa na gaske ne.

43/ Tazarar maki kuwa ba wasa ba ce. A Agustan 2022 an sayar da katin Mickey Mantle na Topps 1952, mai maki 9.5 daga SGC, dala miliyan 12.6. Irinsa sak mai huji da lanƙwasa ba zai ko leƙa kusa da wannan ba. Hoto ɗaya, shekara ɗaya, maɗaba'a ɗaya.

44/ Inda kuɗi ya kai haka, dole a samu masu gyaran dare. Ana cike huji da ɓarɓashin takarda a shafa launi a kai. Ana aske gefen kati don kusurwa ta yi kaifi. Masu dubawa suna amfani da gilashin ƙara girma da fitila ta musamman don kamo irin wannan, in sun kama su rubuta an taɓa shi.

45/ Abin dariyar, katin farko da PSA ta fara ba maki shi ne shahararren Honus Wagner na T206, wanda ɗan wasan hoki Wayne Gretzky da abokinsa Bruce McNall suka saya dala 451,000 a 1991. Aka ba shi 8. A 2007 ya kai dala miliyan 2.8. A 2013 dillali Bill Mastro ya amsa a gaban kotun tarayya cewa shi ya aske gefen katin tun kafin nan.

46/ Wato katin da aka yanka a ɓoye don a yaudari mai saye ya samu 8, katin da kamfani ya huda a fili don ya ba yaro safarsa yana can ƙasan jeri. Ni dai wannan ma'aunin bai gamsar da ni ba. Yana auna yadda kwali ya tsira daga hannun mutane, alhali don hannun mutane aka yi shi, na yara ma.

47/ Amma in kati ya yi ƙaranci sosai, kasuwa kan sauke girman kai. A 2010 wasu mata masu hidimar coci a Baltimore sun sayar da wani Wagner da aka bar musu gado, an datse gefensa, ya sha wahala, a kan dala 262,900. A farkon 2022 rabin Wagner, rabi fa, yagagge, ya haura dala 475,000.

48/ Haka Andrews. Mai son cike saitin Miller yau yana fuskantar abin da yaron 1933 ya fuskanta: 31 suna samuwa in akwai kuɗi, ɗaya ya ƙi. In ya fito gwanjo da hujojinsa na daiman, haka za a yi ta rububinsa, ba mai cewa a kawo marar huji. Ɗan wasa matsakaici ya fi su Foxx wuyar samu, saboda shawarar da wani ya yanke a ofishin kamfanin alawa.

49/ Masu tambaya ko har yanzu ana yi: ana yin katin kyauta, amma huji ya tafi. Kamfanoni irin su Topps da Panini suna saka kati a fakiti mai cewa ka ci kati mai sa hannun ɗan wasa kaza. Sai ka kankare bayansa kamar katin waya, ka shigar da lambar a shafinsu, su aiko maka.

50/ Da zarar lambar ta shiga, katin ya mutu a kwamfutarsu. Kuma yawancinsu suna da ranar ƙarewa a jiki, in ka buɗe tsohon fakiti bayan ranar ta wuce, sai dai ka roƙi kamfani ko zai duba maka.